Me Ya Sa Jiragen RER na Paris Ke Makara, Kuma Me Sabbin Layukan Za Su Gyara?

Tambaya: Ana cewa jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris yana cikin mafiya kyau a duniya. To me ya sa mazauna kewayen birnin ke ta kukan makarar jirgi, har ana kashe biliyoyin Yuro wajen haƙa sabbin layuka?

Duka maganganun biyu gaskiya ne, sai dai ba wuri ɗaya ake nufi ba. Birnin Paris kansa ƙarami ne: murabba'in kilomita 105, mutum kamar miliyan 2.1. Jihar Île-de-France da birnin ke tsakiyarta kuwa ta kai murabba'in kilomita 12,000, tana da gundumomi 8, ƙananan hukumomi sama da 1,200, da jama'a fiye da miliyan 12. Ka ga ke nan a cikin mutum shida, biyar ba a cikin birni suke kwana ba. Metro ɗin da ake yabo na ɗayan nan ne. Sauran biyar ɗin su ne masu kuka.

Kuma da gangan aka yi metro ɗin haka. Lokacin da aka buɗe layin farko a watan Yuli na 1900, a ƙarƙashin injiniya Fulgence Bienvenüe, majalisar birni ta dage a yi ramukan matsattsu, taragai masu faɗin mita 2.40 kacal, don kada manyan jiragen kamfanonin dogo su samu shiga. Tasoshin kuma aka jera su kusa-kusa, tsakanin wannan da waccan kamar mita 500 zuwa 600. A cikin gari wannan daɗi ne, duk inda kake 'yar tafiya kaɗan za ka tarar da tasha. Amma jirgin da ke tsayawa bayan kowane rabin kilomita, in aka haɗa da tsaye-tsayensa, da ƙyar yake wuce kilomita 25 a awa. Ka miƙa shi kilomita 30 bayan gari, sai mutum ya shafe sama da awa kafin ya iso. Su kuma jiragen bayan gari na da, kowanne a tasharsa yake tiƙewa, Saint-Lazare ko Gare du Nord ko Gare de Lyon, ya juye dubban mutane, kowa ya gangara ya cusa kansa cikin metro.

RER, wato manyan jiragen bayan gari masu ratsa ƙarƙashin birni, shi ne maganin da aka kawo. Tsarin raya yankin na 1965, wanda Paul Delouvrier ya jagoranta, ya tanadi sabbin garuruwa a kewaye, irin su Cergy-Pontoise, Marne-la-Vallée da Évry, sannan aka haƙa manyan ramuka ƙarƙashin birni aka haɗa layukan bayan gari na gabas da na yamma, na kudu da na arewa, jirgi ya shiga ta nan ya ɓulla ta can ba sai ya juya ba. An buɗe sashen farko a 1969, tashar Châtelet–Les Halles da ta haɗa layukan A da B kuma a Disamba 1977. Yau layuka biyar ne, A zuwa E, kuma A kaɗai yana ɗaukar sama da mutum miliyan ɗaya a ranar aiki. Abin da ya ƙara masa kaya shi ne ofisoshi sun taru a yamma, musamman La Défense, gidaje masu sauƙin haya kuma suna gabas. Kullum da safe gabas ce ke kwarara zuwa yamma, da maraice ta koma.

Makarar kuwa lissafin daƙiƙoƙi ne, kuma a nan ya kamata mu daɗe. A tsakiyar layin A hanya biyu ce kawai, ta zuwa da ta dawowa. In ana son jirgi 30 su wuce a awa, kowane jirgi na da daƙiƙa 120. Kimanin 70 daga ciki suna tafiya ne wajen fitar na gaba da shigowar na baya: jirgin ya haura mita 220, sai wutsiyarsa ta bar dandamali, na baya ya shigo ya rage gudu ya tsaya daidai. Abin da ya saura na buɗe ƙofa, sauka, hawa, ƙarar gargaɗi da rufewa, kamar daƙiƙa 50 ne. Jirgin MI 09 mai hawa biyu da ke aiki a layin taragai 10 ne, yana cin mutum kusan 2,600, kuma kowane tarago na da ƙofofi uku a kowane gefe, kowace faɗin mita 2. Saboda daƙiƙa 50 ɗin nan takanas aka yi su haka.

To a ce a Châtelet wani ya sa ƙafa ya tare ƙofa don abokinsa na gangarowa daga matakala. Ƙofa ta ƙi rufuwa, an sake gwadawa, daƙiƙa 15 sun tafi. Na baya ya tsaya cikin rami yana jira. Shi kuma wanda ya makara, da ya isa Auber, tashar da ke gaba, zai tarar da mutane sun fi na kullum, don sun yi daƙiƙa 135 suna taruwa maimakon 120. Tsayuwarsa ta ƙara tsawo, makarar ta ƙaru, tasha ta gaba ma haka. In abin ya kai minti biyu, gurbin jirgi guda ya salwanta ke nan, kuma mutanen da ya kamata ya kwasa sai su jira na baya, wanda shi ma a cike yake zuwa. Babu injin da ya lalace, babu direban da ya yi laifi, amma layin ya rikice har a gama cunkoson safe.

Na'urorin sigina na iya rage daƙiƙa 70 ɗin, ba sa iya taɓa 50. A tsohon tsari ana yanka dogo gunduwa-gunduwa, ba a barin jirgi biyu cikin gunduwa ɗaya, direba yana duban fitilar gefen hanya. A 1989 aka sa wa layin A tsarin SACEM, wanda ya ƙara yanka gunduwoyin ƙanana-ƙanana a cikin tasha, ya kuma kai sigina gaban direba: na'ura na nuna masa gudun da ba zai wuce ba, in ya wuce ta taka birki da kanta. Shi ya sa za ka ga hancin jirgi ya leƙo dandamali alhali wutsiyar na gabansa ba ta gama fita ba. Amma gyaran da ya fi burge masu wannan aiki ba na'ura ba ne. A jadawalin Disamba 2017 an rage yawan jiragen da aka rubuta a takarda, aka ba kowanne ɗan sarari, sai kiyaye lokaci ya inganta. Jadawalin da ba shi da wurin numfashi, ƙaramar makara ma ba ya iya shanye ta.

Matsala ta biyu rassa ne. Layin A na da rassa uku a yamma, Saint-Germain-en-Laye, Cergy da Poissy, da biyu a gabas, Boissy-Saint-Léger da Marne-la-Vallée. Dole jiragen rassan nan su shiga ramin tsakiya bi da bi, kowanne a gurbinsa. In na Cergy ya makara da minti uku, mai kula da zirga-zirga na da zaɓi biyu, kuma duka ba daɗi: ya riƙe na Saint-Germain ya jira shi, ko ya sake shi ya bar gurbi fanko. Reshen Cergy kuma yana raba dogo da jiragen layin L na Saint-Lazare, don haka matsalar can tana iya biyo shi har Châtelet. Ko a cikin metro, layin 13 da ya rabu biyu a La Fourche ya daɗe yana cikin waɗanda aka fi kuka da su.

Akwai kuma gadon tarihi. Kamfani biyu ne ke tafiyar da layukan A da B: RATP, mai metro da bas na birni, da SNCF, mai dogon ƙasa baki ɗaya. Wutarsu ma daban. Sashen RATP volt 1,500 ne, na SNCF a arewa da reshen Cergy volt 25,000, don haka jiragen sai masu iya cin wuta iri biyu, sun fi tsada, kayan da za su lalace a jikinsu sun fi yawa. Dokokin tuƙi ma daban ne. Har zuwa 2009, duk jirgin B da ya iso Gare du Nord sai direban wannan kamfani ya sauka na wancan ya hau, in na biyun bai iso ba jirgi ya tsaya da fasinjojinsa. An daina wannan a layin B, amma a layin A an ci gaba da musanyar direba a Nanterre-Préfecture ga jiragen Cergy da Poissy.

Wuri mafi muni a duk yankin shi ne ramin da ke tsakanin Châtelet–Les Halles da Gare du Nord. Layin B da layin D duka ta nan suke bi, kan hanya biyu. An tsara jirgi 32 a awa a kowane ɓangare, 20 na B da 12 na D, wato jirgi ɗaya kowace daƙiƙa 112. Layin D kuwa dogo ne mai rassa da yawa, yana fitowa daga nesa a kudu. Duk abin da ya same shi a can, sai mai zuwa filin jirgin sama na Charles de Gaulle a layin B ya ji a jikinsa. Wannan ne ya sa a ƙarshen 2018 aka datse wasu rassan kudu na D, mutanensu suka koma sauya jirgi a Juvisy ko Corbeil-Essonnes. Su abin bai yi musu daɗi ba, kuma suna da gaskiya, amma ta fuskar aikin dogo dabarar daidai take: rage rassa shi ne mafi arhar hanyar rage makara.

Sai abubuwan yau da kullum. Jakar da aka manta a tarago ba a ɗaga ta haka nan. Ana dakatar da jirage, a janye mutane, a jira masu duba bama-bamai, abin da kan ci awa guda, shi ya sa yanzu ake sa karnuka masu sansana don a gajarta. Fasinja ya suma, wani ya ja ƙararrawa a tsakiyar rami maimakon ya bari a isa tasha. Da zafi, ƙarfen dogo na miƙewa, wayar wuta ta saman jirgi ta saki, dole a rage gudu. Da kaka, ganyen da ya zuba kan dogo yana niƙewa ya zama santsi, ƙafa ta zame a wajen birki ta goge gefe guda, sai an kai jirgin gareji an daidaita ta. A ƙarƙashin duk wannan akwai tsufan kaya, don shekaru da dama kuɗin dogon Faransa jiragen TGV masu gudu suka fi ci. Haɗarin Brétigny-sur-Orge na 12 ga Yuli 2013, inda ƙarfen da ke haɗa dogo biyu ya kwance ya maƙale a mahaɗa, jirgi ya kauce, mutum 7 suka rasu, shi ya farkar da kowa. Layin A ma daga 2015 zuwa 2021 kowace bazara sai an rufe wani ɓangare na tsakiyarsa ana canza dogo da tsakuwar ƙarƙashinsa.

Ta wajen shugabanci da kuɗi kuwa, yankin ya yi abin da birane da yawa suka kasa. Hukuma ɗaya ce, Île-de-France Mobilités, ke tsara layuka, sa farashi, biyan kuɗin sabbin jirage da ba da kwangila. RATP da SNCF 'yan kwangilarta ne, da lada in sun kiyaye lokaci, da tara in sun gaza. Iyakarta iyakar jiha ce baki ɗaya. Ko gamayyar Métropole du Grand Paris da aka kafa a 2016 da ƙananan hukumomi 131, ba a ba ta ikon sufuri ba, kuma a ganina an yi daidai, don mai zuwa aiki daga Cergy ko Melun ba ya cikinta.

Kuɗin tikiti bai kai rabin abin da ake kashewa ba. Babbar hanyar kuɗi haraji ne kan albashi, da aka ƙirƙiro a 1971, yanzu sunansa versement mobilité. Duk ma'aikatar da ke da mutum 11 ko fiye tana biya, kuma tun 2024 a Paris da gundumomi uku da ke manne da ita kashi 3.2 cikin ɗari ne. Kamfanin da albashinsa na shekara ya kai Yuro miliyan ɗaya zai ba da Yuro 32,000. Bayan haka doka ta tilasta masa mayar wa ma'aikaci rabin kuɗin katinsa na wata. Katin watan, mai suna Navigo, a 2025 Yuro 88.80 ne, ma'aikaci na biyan 44.40 daga aljihunsa, ya hau metro, RER, bas da taram duk faɗin jihar. Tun Satumba 2015 aka fito da katin wata mai farashi ɗaya ga duk shiyyoyin jihar, na kusa da na nesa. Hakan ya sauƙaƙa wa talakan da tsadar haya ta kora nesa, amma ya janye wa hukumar ɗaruruwan miliyoyin Yuro a shekara, kuma bai ƙara ko jirgi ɗaya ba.

Sabbin layukan, wato Grand Paris Express, an yi su ne don wata cuta daban. Taswirar dogon yankin kamar ƙafar keke take, mai wayoyi da yawa amma babu ƙarfen da ya zagaye su. Wanda ke Champigny a kudu maso gabas, aikinsa na Issy a kudu maso yamma, sai ya shiga tsakiyar Paris ya fito, ya ƙara wa Châtelet kayan da ba nata ba. Dokar 3 ga Yuni 2010 ta kafa hukuma ta musamman, Société du Grand Paris, don gina kilomita 200 na layi marar direba da tasoshi 68. Layi na 15 shi ne zoben, kilomita 75. Na 16 zai bi ta gabashin Seine-Saint-Denis, har da Clichy-sous-Bois da Montfermeil, inda tarzomar 2005 ta fara, garuruwan da ke kusa da Paris a taswira amma nesa a tafiya. Na 17 zai nufi filin jirgin Charles de Gaulle, na 18 ya haɗa filin jirgin Orly da Versailles ta tudun Saclay. Layi na 14 kuma an riga an tsawaita shi, tun Yuni 2024 yana tafiya daga Saint-Denis Pleyel har Orly.

Layi na 14 ɗin shi ke nuna abin da ake nema. Ba direba, dogonsa nasa ne shi kaɗai, babu reshe, kuma akwai ƙofofin gilashi a bakin dandamali da ke hana mutum ko kaya faɗawa kan hanya. Jirgi na iya bin jirgi bayan daƙiƙa 85, wato sama da 40 a awa, kuma in taro ya ɓarke ana fito da ƙarin jirgi daga ma'ajiya ba sai an nemo direba ba. Jiragen layi na 15 za su fi na tsohon metro girma, faɗin mita 2.80, tsawon mita 108, gudu har kilomita 110 a awa, da tazarar kamar kilomita biyu tsakanin tasoshi.

Aikin haƙar shi ne mai cin kuɗi. Injin haƙa rami faɗinsa kusan mita 10, tsawonsa kamar mita 100, yana ci gaba mita 10 zuwa 15 a rana, yana jera zobban kankare a bayansa. Ramin ma shi ne mai sauƙi. Tasoshi ne wahala: ana fara yanka ƙasa siririya mai zurfi, a cika ta da ruwan yumɓu don kada ta rufta, a zura ƙarafa, a zuba kankare, sai bango ya zagaye wurin kafin a fara kwashe ƙasar ciki. In wuri guda a bangon bai haɗu da kyau ba, ruwan ƙasa zai shigo, kamar yadda ya faru a tashar Porte de Clichy a 2016, abin da ya jinkirta tsawaita layi na 14 zuwa arewa. Ƙasar yankin kuma ba ta da amana. A arewa akwai dutsen jifsam da ruwa ke narkarwa ya bar kogo. A kudu, wajen Bagneux da Arcueil, akwai tsofaffin ramukan da aka haƙi dutsen gina Paris, sai an ɗura musu siminti kafin inji ya wuce. Dokar tsaro ta ce tazarar da ke tsakanin mashigar masu ceto kada ta wuce mita 800, don haka tsakanin tasha da tasha sai an haƙa rijiyoyi, kowace da filinta da maƙwabtan da za a lallasa. Ƙasar da ake fitarwa ta haura tan miliyan 40. Haƙa kusa da layin da ke aiki ma na da nasa haɗari: a Oktoba 2017 wani burtsatsen aikin tsawaita RER E ya huda ramin layin A a Porte Maillot, laka ta cika dogo, sashen tsakiya ya tsaya kwanaki.

Kuɗin ya tashi daga kimanin Yuro biliyan 19 da aka fara ambata zuwa sama da biliyan 35, kuma an sha ɗage ranakun buɗewa. Da an so yawancin layukan su kama aiki kafin wasannin Olamfik na 2024, na 14 kaɗai ya samu. Ana biya ne da bashi mai dogon zango, wanda wasu haraji na musamman ke biya a hankali, mafi girmansu na filin ofisoshi. Kuɗin gudanar da layukan kuwa, wato wuta, ma'aikata da gyara, an bar shi a baya sai a 2023 gwamnati da jihar suka daidaita, daga nan ne ƙarin harajin albashi da na kwanan otal suka fito.

Ba duk layukan ne darajarsu ɗaya ba. Na 15 da na 16 sun ratsa unguwanni masu cike da jama'a, ba a gardama a kansu. Na 17 yana da tasha a Triangle de Gonesse, tsakiyar gonaki, wadda aka tsara domin wata katafariyar kasuwa da aka soke a 2019. Zurfi ma na cin ribar gudu: tashar Saint-Maur–Créteil ta kai mita 52 a ƙasa, kuma mintunan da mutum zai yi kan matakala yana sauka da hawa, a gajeriyar tafiya, sun isa su cinye abin da jirgin ya rage masa. Tasha kuma ba ta amfanar wanda ke kilomita uku da ita sai an sake tsara bas ɗin da zai kai shi.

Zoben zai janye wa RER masu ratsa birni ba don suna da buƙata a ciki ba, kuma in layi ɗaya ya tsaya mutum zai samu wata hanya. Amma bai taɓa ramin Châtelet zuwa Gare du Nord ba. An sha nazarin haƙa masa na biyu ana ajiyewa saboda tsada da wuyar aiki a ƙarƙashin tsakiyar birni, sai aka zaɓi sabon tsarin sigina mai suna NExTEO, wanda aka fara da layin E kafin B da D, tare da sabbin jiragen da za su maye gurbin na layin B da suka fara aiki tun wajen 1980. Kafin waɗannan su kammala, wanda ke neman gida a yankin ya duba ko tasharsa na kan gangar layi, inda jiragen duk rassa ke tsayawa, ko tana kan reshe. A kan ganga in an soke jirgi ɗaya minti kaɗan ne na gaba ya zo. A ƙarshen reshe yana iya zama kwata ko rabin awa.